Turbo a Tsohuwar Koriya

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki a kan tudu, ba a tsakiyar ruwa ba, kuma cikin ƙoshin lafiya. Mu nan sai godiya. Innarki gwiwar ce ke taɓa ta in gari ya yi sanyi, amma bakin lafiyarsa ƙalau. Yayanki Akawu yana kawo yara duk ƙarshen mako su hargitsa mana falo su tafi. Ni kuwa kunnen nan ya ƙara nauyi. Ki daina wahalar da kanki da kiran waya, kina ta magana ina ta cewa na'am alhali ban ji komai ba. Takarda ta fi mini, ita ba ta gajiya da maimaitawa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san Koriya, motar nan mai ƙofa biyu da ni da marigayi babanki muka haɗa hannu muka saya tun ba a haife ki ba. Har gobe mutane suna ɗauka ciki ɗaya muka fito da shi, alhali kakanninmu ne wa da ƙani. Motar nan ce ta mayar da mu kamar tagwaye. Injin da ke cikinta babanki ne ya kwance shi ya sake ɗaurawa da hannunsa a tsakar gidan nan, innarki tana ta faɗa don ya wanke fistin a bahon wankinta.

Makon jiya na hau da ita tudun bayan kamfanin siminti, sai ga motar raba burodi ta wuce ni. Direban har da ɗaga mini hannu kamar mai ba ni haƙuri. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

To, Dogo bakanike ya samo turbo. Na hannu ne, an ciro shi daga wata mota da aka daka ta baya, amma na juya fankarsa da yatsa, ba ta girgiza. Babanki ya sha maganar sa wa Koriya irinsa, Allah bai nufa ba. Akawu da ya ji labari ya tambaye ni ina zan je da sauri haka a shekaruna. Na ce masa ba isa nake so ba, tafiyar nake so.

Ke ce kike kwana kina tashi da manyan injinan jirgin ruwa. Faɗa mini gaskiya, tsohon injin nan zai ɗauka?

Baffanki.

*

Baffana,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, muna tashar jirage ana mana lodi. A gaishe da Inna da gwiwa, a ce ta rage tsayuwa a kicin. Ina gaida Yaya Akawu da yara. Maganar kunne kuma ba zan daina ba, Baffa, ka je likita ya duba.

Na karanta labarin motar burodi a ɗakin cin abinci, na yi ta dariya har abokan aikina suka zaci an ƙara mini girma. Daga baya kuma na koma ɗakina. Na tuna yadda Baba yake zaunar da ni a kan cinyarsa in riƙe sitiyari, motar tana tsaye a rumfa, yana yin kukan inji da bakinsa.

Amsar ita ce zai ɗauka, amma da sharaɗi. Turbo ba wani abin mamaki ba ne. Hayaƙin da ke fita shi ke juya fanka, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, zafi ma haka. Zafin nan shi ne abin tsoro ga tsohon ƙarfe.

Don haka kada Dogo ya fara da turbo. Ya fara da birki da tayoyi, domin motar da ta koyi gudu dole ta koyi tsayawa. Sannan lagireto babba, da sabon kuloci, da famfon mai wanda ya fi na yanzu ƙarfi. Bututun da zai kai wa turbo baƙin mai ya zama sabo, kada a yi masa faci. Ya ja lokacin wutar filogi baya kaɗan, ya san abin da nake nufi. A sa maka agogon da ke nuna ƙarfin iskar a inda idonka zai riƙa gani. Abu mafi girma: allurar agogon nan kada ta wuce bakwai. Ko Dogo ya ce za ta ɗauki fiye da haka, ka ce Injiniya ta hana.

Jibi za mu tashi, tafiyar kuma doguwa ce. A can ba waya ba gidan waya, sai ruwa da sama. Ka ci gaba da rubutowa ofishinmu, suna tara mana wasiƙu su miƙa duk inda muka tsaya.

'Yarka mai ƙaunarka.

*

'Yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, sai ƙaramar jikata da ta faɗo daga keke ta fasa leɓe, ya ma warke.

An gama aiki. Mun bi maganarki ɗaya bayan ɗaya kamar takardar likita. Dogo ya so ya tsallake birki don ɗokin ya ji turbo, na zauna a kan benci a garejinsa na ce ba inda zan je. Ya sha wuya wajen lanƙwasa bututun salansa, sai da ya yanka ya sake walda har sau nawa, don gurbin injin Koriya matsattse ne kamar aljihun wando. Agogon ma an kafa shi a gefen sitiyari. Layin lamba biyu ne a fuskarsa, farare a waje, jajaye a ciki. Jajayen sun fi girma, sun fi fitowa a idona, a kan bakwai ɗinsu na sa ya daidaita. Bai ƙara ko ɗigo ba.

Yarinya, ban san yadda zan kwatanta miki ba. A ƙasa tana nan yadda kika san ta, a natse. Amma in allura ta fara tashi, sai ki ji kamar wani ya sa tafin hannu a tsakiyar bayanki ya tura. Na hau tudun siminti a giya ta uku ban sauya ba. Na tsinci kaina ina yi wa babanki magana a fili, kujerarsa kuwa ba kowa.

Ranar Lahadi na lallaɓi innarki ta shiga. Ta ɗaure bel, ta riƙe ƙofa da hannu biyu, ta ce ita ba ta ga abin da ya kai tsoho da wannan ba. Da muka dawo ta ce wai a kan tudu tana jin wani abu a gaba kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Na ce mata sabon ƙarfe ne yake zama. Dogo ya zagaya da motar cikin unguwa, bai ji komai ba. Kin dai san innarki, ko firji ya yi tari sai ta ce a kira mai gyara.

Allah ya sauke ku lafiya.

Baffanki.

*

Injiniya,

Ina gaisuwa. Ban ji daga gare ki ba, na san kina ruwa. Kada hankalinki ya tashi, ba wanda ya ji ciwo. Koriya ce.

Ranar Talata da rana, gari ya ɗau zafi sosai, na fita ni kaɗai. Ina tsakiyar hawan tudu na taka totur, ta ja yadda ta saba, sai kawai na ji ƙarfin ya zube daga ƙarƙashin ƙafata. Na duba madubi, hayaƙi ya rufe hanya, shuɗi-shuɗi. Na gangara gefe na kashe. Da na ɗaga bonet, baƙin mai ya fantsama ko'ina, har a cikin murfin.

Na zauna a kan dutse a bakin hanya. Masu wucewa suna rage gudu suna kallon tsoho da motar samari. Akawu ne ya zo da igiya ya ja ni. Duk tsawon hanya ina bayansa ina riƙe da sitiyarin motar da ba ta numfashi, ina kallon ƙeyarsa. Da muka iso gida bai ce ai na faɗa ba. Da ma ya ce, da ya fi mini sauƙi. Ruwa kawai ya kawo mini ya zauna kusa da ni.

Dogo ya ciro filogi ya leƙa, ya ce fistin biyu sun tafi, wataƙila fiye. Yana so ya sauke injin ya buɗe, na ce a jira maganarki.

Abin da ke damuna shi ne ban saɓa miki ba ko a abu ɗaya. Injin nan ya yi shekaru yana aiki lafiya yadda mai shi ya bar shi, ni na zo da son raina na ƙona shi.

Baffanki.

*

Baffa,

Mun tsaya shan mai na 'yan sa'o'i, aka miƙo mini takardunka biyu tare. Na gode Allah da kake lafiya. Kada kowa ya taɓa injin babana. Kada a tayar, kada a buɗe, a bar shi yadda yake. Ana kirana, jirgi zai tashi.

Injiniya.

*

Zuwa ga Injiniya,

Bayan sallama. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Na samu 'yar takardarki, na karanta, na kuma fahimta. Kina da gaskiya. Injin babanki ne, ban kuwa nemi izninki a matsayin 'yarsa ba, shawarar ma'aikaciya kawai na nema. Na jira ko wata takardar za ta biyo baya, wata ya wuce, wani ya kama, ba ta zo ba. Ban ga laifinki ba.

Ba wanda ya taɓa shi. Na rufe motar da tamfol. Ga abin da na yanke: za a ciro injin a hankali a sa a akwatin katako a ajiye miki a ɗakin ajiya, duk ranar da kika zo ki yi yadda kika so da shi. Gangar jikin kuma Akawu ya samo mai saye, wani mai gidan hoto da ke son ya kafa ta a ƙofar shagonsa mutane su riƙa ɗaukar hoto a ciki. Na ba shi alkawari, zai zo ƙarshen wata. Akawu ya ce ko ba komai hankalinsu zai kwanta, na ga kuma lokaci ya yi da zan bar su su huta.

Ki yafe wa baffanki.

*

Baffana,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba. Jiya muka sauka, na tarar da takardarka a ofis, na karanta a tsaye, jakata ma ban ajiye ba. Na kira Inna da Yaya Akawu nan take, amma kai sai a rubuce, don ina so ka karanta ka maimaita.

Wallahi ba fushi na yi ba. A kan gwiwata na rubuta waccan 'yar takardar, hannuna duk man inji, mai karɓar wasiƙu yana tsaye a kaina. Na ce kada a taɓa ne don injin da ya lalace yana faɗin abin da ya same shi, in ba a goge shaidar ba. Na ce babana kuwa don haka bakina ya saba. Ban san kalmar za ta zauna maka a ƙirji wata biyu ba.

Yanzu ka je ka ɗaga tamfol ka dubi agogon nan da tabarau. Farin layi da jan layi ma'auni biyu ne daban, kamar mil da kilomita. Ni farar bakwai nake nufi. Jar bakwai, in ka lura akwai ɗan ɗigo a gabanta, kuma tana daidai da goma a farin layi. Ka ga ashe iskar da injin yake sha ta wuce abin da na ce nesa ba kusa ba. Kai ka bi abin da na rubuta. Ni ce ban rubuta wace bakwai ba, don a wurin aikinmu ba a tambaya.

Sai abu na biyu, ka yi haƙuri da shi. Tsakuwar da Inna ta ji a gwangwani, ita ce injin yake kuka. Idan iska ta yi yawa, zafi ya yi yawa, mai yakan fashe kafin lokacinsa ya riƙa dukan kan fistin kamar guduma. A kan tudu yake fitowa, shi ya sa Dogo bai ji ba a cikin unguwa. Da ka ji shi da kunnenka, na san da ka ɗaga ƙafa tun ranar farko, don ka fi ni sanin muryar motar nan. Ba gangancinka ne ya ƙona fistin ba, Baffa. Ba ka ji ba ne kawai.

Injin zai tashi. Yanzu Dogo ya buɗe, ya ɗauki hoton komai kafin ya wanke, Yaya ya turo mini. Ni zan nemo fistin masu jure zafi in aiko. Ina roƙonka kada Koriya ta koma kujerar ɗaukar hoto.

'Yarka.

*

'Yata,

Innarki ce. Ki yi haƙuri da rubutun, rabona da biro tun ina koyarwa. Gwiwa da sauƙi. Ina fata kina cin abinci, a hoton da kika turo wuyanki duk ya fito.

Baffanki ba zai ba ki wannan labari daidai ba, shi ya sa na karɓa. Takardarki ta zo, ya karanta, ya ɗauki tabarau ya tafi rumfa, ya daɗe. Da ya dawo sai ya ce mini ɗigon yana nan. Amma wai ya riga ya ba mutum alkawari, shi kuma bai taɓa cewa e ya koma a'a ba. Kin san shi.

Mai hoto ya zo da motar ja, yaro ne mai ladabi. Na ba shi kujera na kawo masa shayi. Sannan na tambayi baffanki a gabansa, da ƙarfi yadda zai ji, shin shi kaɗai ya sayi motar nan? Ya ce a'a. Na ce to rabin ɗan'uwanka na wa ne yanzu? Na ce wa mai hoto, ɗana, rabin da aka yi maka alkawari ga shi nan, sai ka zaɓa, gaba ko baya, ɗaya rabin mai shi tana teku ta ce ba ta sayarwa. Yaron ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Ya ce shi ma da ya ga fuskar baffanki tun a ƙofa jikinsa ya ba shi cinikin nan ba zai yiwu ba. Aka rabu lafiya.

Ni ba son gudun nan nake ba, kada ki zaci wani abu. Amma watannin da motar ta yi a rufe, mutumin nan ya tsufa a gabana. Ba ya aski, ba ya musu da ni, labarai ma sai ya bar hoto yana motsi ya yi ta kallon bango. Gara ya dame ni da turbo.

Ya yarda ya ga likitan kunne, Akawu zai kai shi. Bai ce na yi gaskiya a kan tsakuwa ba, amma jiya ya saya mini man gwiwa ba tare da na tambaya ba.

Innarki.

*

'Yata Injiniya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. An sa mini 'yar na'ura a kunne. Ashe agogon bangon falo ƙara yake yi, ashe kuma innarki tana magana ita kaɗai in tana yanka albasa. Duniya ta cika surutu, ban sani ba.

Fistin sun iso, Dogo ya jera su a kan tsumma yana kallo kamar ba zai sa ba. Biyu ne suka fashe a gefen ringi, yadda kika ce za a gani, sauran ƙarfen babanki lafiya lau. Abin da ban zata ba shi ne Akawu. Ya zo gareji wai ya ɗauki hoton da kika ce, sai ga shi ya naɗe hannun riga yana riƙe wa Dogo sifana. Yanzu shi ke yi mini bayanin aikin turbo, ina gyaɗa kai kamar ban sani ba. Na maƙala farar takarda a kan jajayen lambobin nan, ba na son in sake ganinsu. An daidaita a farar bakwai, ni da Akawu da Dogo duk mun sa ido.

Mun bi ta a hankali, har sabon ƙarfe ya zauna aka sauya baƙin mai. Matsala ɗaya, na'urar kunnen ba ta da amfani a cikin mota. Iska da taya da salansa duk takan haɗa su ta zuba mini a ka, ba na bambance komai. Don haka muka yi yarjejeniya da innarki: ba zan taka da ƙarfi ba sai tana kujerar gefe. Ita ce kunne, ni ne ƙafa.

Ranar Asabar da hantsi muka fita sabuwar hanyar madatsar ruwa, wadda ke da doguwar hawa kuma ba motoci. Ta ɗaure bel, ta karkata kai wajen bonet, ta rufe ido don ta ji da kyau. Na sa giya ta uku na taka. Allura ta tashi ta tsaya cak a inda aka ce mata. Ƙarfin bai kai na da ba, amma a miƙe yake, ba gardama. Ruwan madatsar ya fara bayyana ta hannun dama.

Muna tsakiyar hawa sai na ji ta ɗaga murya ta ce, “Ƙara!”

Na ɗaga ƙafa, na taka kuloci, na gangara gefe na kashe inji. Na juya na tambaye ta wace irin ƙara ta ji, tsakuwar ce ta dawo?

Ta buɗe ido ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara ɗankwalinta da iska ta ture.

Ta ce, “Ni ban ji komai ba, lafiyarta ƙalau. Cewa na yi ka ƙara. Wa ya ce ka tsaya?”

In kin samu hutu ki zo da wuri. Kujera biyu ce kawai a motar nan, kuma alamu sun nuna ɗaya ta riga ta yi mai ita.

Baffanki.